Bin sawun ƙugi a rediyon bawul na kakanmu

Sana'ata gyaran amfilifaya ce, galibi na masallatai da na masu wa'azi da masu kiɗan biki, a wani ɗan shago a Aboabo cikin Kumasi. Duk kayan da na saba da su na tiransista ne. Rediyon bawul, wato mai kwalaben nan da cikinsu ke yin ja idan sun ɗau zafi, ban taɓa buɗe cikinsa ba sai da kawuna ya sa yara suka sauko da na kakanmu daga saman wadirof suka dire mini shi a kan benci.

Kakanmu ɗan kasuwar goro ne. Ya sayi rediyon a hannun wani maƙwabcinsa da zai koma Najeriya a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar, mutanen Zango da yawa suka yi ta karyar da kayan ɗakinsu a kan kowane farashi. Shi kansa rediyon ya girmi wannan lokaci. Ƙirar Turai ce ta ƙarshen shekarun 1950, irin wadda ake yi wa ƙasashe masu zafi: akwatin katako, maɓallai jere a gaba, matsakaicin zango ɗaya da gajeren zango uku, babu FM. Zamanin da aka ƙera shi ne Gana ta samu 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, mako guda bayan nan kuma Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye, don haka a lokacin duk mai hali a Zango yana son akwati irin wannan a falonsa.

Kawu ya ce, "Ɗana, ban ce ka mai da shi sabo ba. Ya yi magana kawai." Ya ƙara da cewa ya taɓa jona shi, ya yi ta ƙugi kamar injin niƙa a bayan gida, ya tsorata ya zare filogi.

Abin da na fara dubawa shi ne ko shasinsa, wato ƙarfen da aka ɗora kayan cikinsa a kai, na iya kashe mutum. Na kwance murfin baya, na karkaɗe ƙura da gawarwakin kyankyasai, na karanta lambobin bawul ɗin: ECH81, EF89, EBC81, EL84, EZ80, sai EM80 mai koren idon nan da ke nuna an kama tasha daidai. Wannan harafin E na farko ya kwantar mini da hankali, domin yana nufin zaren da ke dumama kowane bawul bolt 6.3 yake ci daga taransifoma. Da a ce lambobin da U suka fara, kamar UL84 da UY85, to irin rediyon ne da ba shi da taransifoma, an jera zarurrukan a layi ɗaya kai tsaye a kan wutar gida, kuma ƙarfen shasi na iya ɗaukar wutar soket gaba ɗaya gwargwadon yadda aka soka filogi. Duk da haka na sa mita tsakanin ƙafafun filogi da shasi, na tabbatar babu hanya a tsakani. Wanda ya saba da amfilifayar bolt 35 ko 50 ya kamata ya sani cewa a nan akwai kusan bolt 250 zuwa 300, kuma kwandansa, wato abin da ke tara wuta a ciki, na riƙe su bayan an kashe wuta. Kafin in sa hannu a ciki, kullum sai na zuƙe ta da razista, na duba da mita.

A bayan taransifoma akwai ɗan faifan da ake juyawa a zaɓi ƙarfin wuta, daga 110 har 245. Na tarar da shi a kan 220. Wutar Gana a takarda bolt 230 ce, amma a shagona idan dare ya yi masu walda sun tashi, mita kan nuna 240. Idan aka bar faifan a 220, zaren da ya kamata ya samu 6.3 zai riƙa shan kusan 6.9, wannan kuma rage kwanan bawul ne, ga shi ba a sayar da su a kanti. Na mai da shi 245.

Tsohon rediyo ba a jona shi kai tsaye. Ana sa ƙwan fitila mai zare a kan layin wuta, tsakanin soket da rediyo, ta yadda idan akwai gajeriyar hanya a ciki ƙwan ne zai haska ya shanye wutar, taransifoma ta tsira. Neman ƙwan ya fi haɗa shi wahala. Tun 2007 da gwamnati ta raba ƙwayayen fitila masu tsimin wuta miliyan shida kyauta, sannan a 2008 doka ta hana shigo da masu zare, suka yi ƙaranci a kasuwa. Ƙwan LED kuwa ba ya wannan aiki ko kaɗan. A wurin wata baiwar Allah mai kiwon kaji a Asawase na samu mai wat 100, da shi take dumama 'yan tsaki. Da na kunna, ƙwan ya ɗan haska ya dushe, can da EZ80, bawul ɗin da ke mai da wutar gida mai kai da komo ta zama mai bin hanya ɗaya, ya yi zafi sai ya sake yin ja-ja ya tsaya a haka. Alama ce mai kyau. Nan take kuma ƙugin da Kawu ya faɗa ya cika shago, har mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo.

Na murɗa makunnin murya zuwa ƙasa gaba ɗaya, ƙugi bai ragu ba. Na kai shi sama, bai ƙaru ba. Na canza zango, duk ɗaya. Ke nan ba ta eriya yake shigowa ba, ba kuma ta gaban makunnin murya ba. Sai na buɗe wata manhaja a waya mai nuna yawan kaɗawar sauti, na kara ta a bakin lasifika, ta nuna 100. Wannan lamba ita ce shaida. Wutar gida a Gana tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. EZ80 yana da faranti biyu a ciki, ɗaya ya kama rabin zagaye na farko, ɗaya ya kama na biyu, saboda haka wutar da ke fita daga gare shi tana zuwa a dunƙule-dunƙule sau 100 a daƙiƙa. Aikin babbar kwandansa ne ta cike ramukan da ke tsakani. Idan ka ji ƙugi mai 100, ka nufi wajen tace wuta. Idan 50 ne, wutar gida ce ko ta zaren dumama take tsallakawa zuwa inda bai kamata ba. Kunnen da ya saba yana bambance su ba da waya ba, na 50 ya fi zurfi, amma ni waya ta taimake ni.

Kwandansar gwangwanin alminiyam ce da aka ɗaure a kan shasi, biyu a jiki ɗaya, maikirofarad 50 da 50, bolt 350. Ta ƙasa farin gari ya fito ya daskare a gindinta. Ruwan da ke cikin irin waɗannan yana bushewa da shekaru, balle a ɗakin da rufinsa kwano ne.

A kasuwar Kejetia, wajen masu kayan talabijin, mai shagon ya miƙo mini wata ƙatuwa ya ce, "Masta, ɗauki 330, ƙugi zai mutu har lahira." Ban ga laifinsa ba, don a amfilifayar tiransista haka muke yi, har dubu goma muna sawa, kuma yana aiki. Sai dai takardar bayanan EZ80 ta iyakance kwandansar farko da ke bayansa a kan maikirofarad 50. Dalili shi ne duk lokacin da kwandansa ke cika, tana fizgar wuta mai yawa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, girmanta kuma shi ne ƙarfin fizgarta. Dayod ɗin silikon, wanda ke yin aikin EZ80 a kayan tiransista, yana jurewa. Bawul kuwa rufin katod ɗinsa, wato sashen da zare ke dumamawa, ne ke zagwanyewa, wani lokaci har tartsatsi ya tashi a cikin kwalbar. Na sayi guda biyu masu 47, bolt 450, waɗanda aka rubuta musu digiri 105, na auna su a gabansa kafin in biya, saboda akwai waɗanda rigarsu ta fi cikinsu.

Wajen sa su akwai abu biyu da na kula da su. Na bar tsohon gwangwanin a mazauninsa don kyan gani, amma na cire masa wayoyi gaba ɗaya. Wasu kan liƙa sabuwa a kan tsohuwa su tafi, alhali tsohuwar na ci gaba da yoyon wuta, ranar da ta toshe kuma, wato ta zama gajeriyar hanya, da EZ80 za ta tafi, ko da taransifoma. Na biyu shi ne inda ƙafar ƙasa ta sababbin za ta sauka. Shasi duk ƙarfe ɗaya ne, mutum zai ɗauka ko'ina ya liƙa daidai ne. Amma waccan fizgar wuta ta sau 100 ta cikin wannan ƙafa take komawa tsakiyar naɗin taransifoma, idan ka sauke ta can kusa da makunnin murya, ƙarfen shasin da kansa zai kai ƙugin bakin bawul mafi jin motsi. Na kai su daidai inda wayar tsakiyar taransifoma ta sauka.

Da na auna rawar da ke kan wutar, wato hawa da saukar da ke kawo ƙugi, daga sama da bolt 30 ta dawo ƙasa da 4. Ƙugi ya faɗi ƙwarai, har na fara jin shuu na tasha a bayansa. Amma babbar wutar ta tsaya wajen 215 maimakon kusan 250, ƙwan fitilar ya fi yadda nake so haske, EL84 kuma, bawul ɗin da ke tura sauti zuwa lasifika, yana zafin da ko kusa da shi ba ka son kai hannu, ga warin kakin da ke narkewa. Na sa mita a ƙafa ta 3, wato katod, na ga bolt 11 a kan razista mai om 150. Lissafi ya ba da miliamfiya sama da 70, alhali abin da ya dace da shi bai wuce wajen 50 ba, bolt 7 da ɗoriya ke nan. A ƙafa ta 2, wato girid, mashigar sauti ta bawul, inda ya kamata a ga sifili, akwai bolt kusan 4.

Mai laifin 'yar ƙaramar kwandansa ce ta takarda, baƙa mai rufin kwalta, wadda ke ɗauko sauti daga farantin EBC81, bawul ɗin da ke fara ɗaga sauti, zuwa girid ɗin EL84. Aikinta ta bar sauti ya wuce ta tare babbar wuta. Takarda kuwa tana shan laima, Kumasi kuma ba ta rasa laima, da damina biyu a shekara. Da ta fara yoyo sai EL84 ya riƙa jan wuta fiye da kima, yawan jan wutar kuma yana zurfafa ramukan da kwandansar tacewa ke ƙoƙarin cikewa, don haka ita ma da hannunta a ƙugin. Ƙugin ma shi ne ƙaramar ɓarnarta: ita ce ke ƙona taransifomar lasifika, wadda ba za ka same ta a Kejetia ba. Na sa sabuwa ta roba mai nanofarad 10, bolt 630, na kuma bi sauran baƙaƙen da ke ɗauke da babbar wuta na canza su ɗaya bayan ɗaya, ina kunnawa bayan kowace. Masu kama da 'yar alewa mai lebur da ke wajen kama tasha, na maika da na tangaran, ban taɓa su ba. Ba kasafai suke lalacewa ba, taɓa su kuma yana rikita saitin zango.

Katod ya dawo bolt 7, babbar wuta ta hau. Idan makunnin murya yana ƙasa, sai ka kara kunne a jikin yadin lasifika kafin ka ji wani abu. Da na fara ɗaga murya kuwa, wani ƙugin ya fito, wanda na farkon ya danne tun da fari. Wannan halinsa daban. Yana bin makunnin murya, yana ƙaruwa har wajen kashi uku cikin huɗu, sannan ya ɗan sassauta a ƙarshe. Waya ta nuna 50, da wasu 'yan ƙananan layuka a samansa, a kunne kuma yana da kaushi-kaushi. Idan na kai hannu kusa da makunnin ya ƙaru, idan na juya filogi a soket ya canza. Na danna maɓallin garmaho, wanda ke yanke ɓangaren kama tasha ya bar na sauti kaɗai, yana nan daram.

Zargina ya tafi kan bawul. Na san cewa idan rufin da ke tsakanin zaren dumama da katod ya tsufa, wuta mai 50 tana tsallakawa. Ba ni da wani EBC81 da zan gwada, sai na ɗora rediyon a tasi na nufi Sabon Zango wurin wani dattijo da ya yi gyaran rediyo tun zamanin da ake jin tashar Ankara, babban birnin Gana, ta akwatin waya da ake rataye wa a bango. Yanzu idonsa ya yi rauni, ya bar aiki, amma ɗakinsa cike yake da gwangwanaye.

Bayan gaisuwa na ce, "Baba, bawul nake nema, EBC81."

Ya ce, "Wa ya ce maka bawul ne? Kunna mu ji."

Ya saurara, ya murɗa makunnin sama da ƙasa da kansa. Ya ce in kashe in zare EF89 da tsumma in sake kunnawa. Ƙugi yana nan. A irin wannan rediyo ana iya yin haka, don kowane bawul da nasa layin dumama, ba kamar masu U ba da zare ɗaya ke kashe duka. Ya ce in mayar in zare EBC81. Tsit. Na ce to ai ga shi, shi ne. Ya yi dariya ya ce, "Yaro, ka rufe ƙofa ka daina jin hayaniyar titi, sai ka ce ƙofa ce ke hayaniya? Kifa shi ka duba mini katod ɗinsa, ina ya tafi?" Na bi da ido, na ga an liƙa shi kai tsaye a shasi. Ya ce to ko da zare na yoyo zuwa katod, ƙasa zai zube, da wuya ya yi wannan ƙara. Abin dubawa shi ne girid. A wannan tsari razistar da ke riƙe girid mai om miliyan 10 ce, wuri mai irin wannan tsauri kuwa ko wayar wuta ce ta gifta kusa da shi sai ya ɗauka, sannan bawul ya ninka abin sau da yawa ya miƙa wa EL84.

Ya ce in faɗa masa kalar wayar da ta tashi daga ƙafar tsakiya ta makunnin murya. Na ce fara ce, ta roba, irin ta fitilar gefen gado. Ya ce, "Ba da ita aka haife shi ba." Wani mai gyara a can baya ya cire ta asali mai rigar saƙar ƙarfe ya sa wannan tsirara, ya kuma bi da ita kafaɗa da kafaɗa da wayoyin wutar gida, waɗanda ke zuwa makashin da ke manne a bayan makunnin muryar. Bolt 230 a gefe guda, a ɗaya gefen wayar da ke ɗauke da sautin da bai kai ko bolt ɗaya ba. Shi ya sa ƙugin ya fi ƙarfi a wajen kashi uku cikin huɗu: a ƙasa ƙafar tsakiya tana manne da shasi, duk abin da waya ta tsinta ya zube, a wajen kashi uku cikin huɗun kuwa ta fi nisa da kowace mafita. Har ila yau 'yar wayar da ke haɗa gwangwanin makunnin da shasi ta tsinke, saboda haka murfin da ya kamata ya kare shi ya koma mai tara masa ƙara.

A shago na sa waya mai riga, na sauke rigar a shasi ta gefe ɗaya kawai don kada wata wuta ta samu hanyar zagayawa ta cikinta. Wayoyin makashi na murɗe su biyu tare, na kwantar da su a lungun shasi nesa da ita. Na wanke mazaunin EBC81 da sifirit da tsohon buroshin haƙori, kamar yadda Baba ya ce, domin dattin da ya sha laima tsakanin ƙafar zare da ta girid shi ma hanya ce. Akwai wani abu kuma da ya ja mini kunne a kai tun kafin in tafi. Taransifomar lasifika wayoyi uku ne a gefenta na babbar wuta, ba biyu ba. Wuta na shiga ta tsakiya, yawancin naɗin ya tafi farantin EL84, ɗan guntun da ya rage ya tafi razistar tacewa. Rawar da ke bi ta guntun tana tafiya kishiyar wadda ke bi ta dogon, sai su kashe juna. Dabara ce ta rage ƙugi ba tare da ƙarin kaya ba. Ya ce ya ga samari da yawa sun ɗauka kuskure ne sun "gyara" shi, suka ƙara wa kansu aiki.

Yanzu ɓangaren sauti ya yi tsaf. Da dare na miƙa doguwar waya ta taga na shiga gajeren zango. Tsakanin tasha da tasha shiru, sai shuu na iska. Da zarar na daidaita a kan tasha mai ƙarfi, sai wani burr ya hau ƙarƙashin muryar mai magana, in na gusa kaɗan ya tafi tare da tashar. Wannan shi ya fi ba ni sha'awa a duk aikin, don da farko abin kamar ba ya kan hanya: yaya za a yi tasha ta zo da ƙugin wutar shagona? Bayaninsa shi ne wayoyin wutar gida su ma eriya ce. Siginar tasha na bin su ta shiga taransifoma ta isa EZ80, shi kuma yana buɗewa yana rufewa daidai da kaɗawar wuta, sai ya sassara siginar da wannan kaɗawa, ta sake fita ta haɗu da wadda eriya ta kamo. Rediyo ba shi da yadda zai bambance wannan da muryar da tasha ta aiko. Komai girman kwandansar tacewa da ka sa, ba za ta taɓa shi ba.

Masu ƙirar sun san da haka, shi ya sa suke sa 'yar kwandansa daga farantin EZ80 zuwa shasi, ta ba siginar gajeriyar hanya. Na duba na same ta, ta tsage, an kuma datse mata ƙafa ɗaya da filaya aka bar ta a rataye. Mai yiwuwa ta taɓa toshewa ne wani ya yanke ta ya huta. Na sa ta tangaran mai nanofarad 4.7, bolt 2,000, a kowane faranti. Wadda ke tsakanin wutar gida da shasi kuma ba kowace ake sawa ba, sai mai alamar Y, irin shuɗayen nan da ake gani a akwatin wutar kwamfuta, domin an yi su ne ta yadda idan sun mutu su yanke, kada su toshe su ɗora wa shasi wuta. Yaran da ke fasa tsofaffin kwamfutoci a Dagomba Line suna da su tuli, amma a wannan wuri na gwammace sabuwa. Na cire tsohuwar igiyar wuta da robarta ta farfashe, na sa mai waya uku da filogi mai ƙafa uku, na ƙara fiyus na rabin amfiya. Burr ɗin ya ɓace.

Na kai wa Kawu rediyo gidansa a Asawase, gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da tsakar gida ɗaya. Da magariba ya kira ni: "Ɗana, abinka ya dawo da kukansa." Na je na tarar da wata ƙara dabam, zizz mai kaifi, ta mamaye matsakaicin zango daga farko har ƙarshe da ƙasan gajeren zango. Na zare wayar eriya, ta ɗauke. Ke nan daga waje take zuwa. Ina tsaye aka ɗauke wuta, dumso ya yi halinsa, sai na karɓi ƙaramin rediyon batir na wani yaro na kunna a matsakaicin zango: tas, har tashoshin nesa na shigowa. Da wuta ta dawo, zizz ta dawo a shi ma.

Da wannan ƙaramin rediyon na zaga gidan, ina kara shi a bango da soket. Cajar waya mai arha da ke ɗakin Kawu tana yi. Akwatin talabijin na wani ɗaki yana yi. Mafi ƙarfi kuwa ƙwan LED ne a barandar wata dattijuwa, ana kai rediyo kusa da shi sai ya ɗauki kururuwa. Duk waɗannan kaya suna sara wuta sau dubbai a daƙiƙa don su rage ƙarfinta, masu arha kuma an cire musu abin tace ƙarar don a rage kuɗi, sai wayoyin gidan gaba ɗaya su zama masu watsa ta. Lokacin da aka ƙera rediyon kakanmu babu ko ɗaya daga cikinsu.

Na ce, "Hajiya, don Allah in canza miki ƙwan nan da wani, kyauta." Ta dube ni ta ce, "Me ya yi maka? Lafiyarsa ƙalau." Sai da na kashe na kunna a gabanta tana jin ƙaramin rediyon sannan ta yarda, da sharaɗin in bar mata tsohon ta ajiye. Na gwada sababbi a shago da wannan rediyon batir kafin in zaɓi wanda ba ya ƙara, domin tsada ba ta nuna komai a nan. Eriya kuma na fitar da ita daga ɗaki, na ɗaga ta a kan gora sama da rufi, nesa da wayoyin da suka shigo gidan. Ramin ƙasa na soket ɗin Kawu ba a haɗa shi da komai ba, kamar yawancin tsofaffin gidajen unguwar, don haka na kafa sandar tagulla a inda ake zubar da ruwan alwala, wurin da ba ya bushewa ko da hunturu, na ja waya mai kauri zuwa rediyon. Ƙarar ba ta mutu duka ba, gida mai mutane da yawa ba ka hana kowa cajin waya, amma ta koma can ƙasa, tashoshin Hausa na gajeren zango suna fita sarai da asuba da bayan isha'i.

Da rana kuwa Kawu Zuria FM yake so, rediyon kuma ba shi da FM. Na haɗa masa ƙaramin rediyon FM da ramin garmaho da ke baya, sauti ya riƙa fita ta babbar lasifikar da katakon nan mai daɗin amo. Jikansa ya gano cewa waya ma tana shiga, ya jona tasa tana kan caji, ƙugi ya tashi, aka sake kirana. Na sa 'yar taransifomar sauti mai naɗi daidai da daidai a tsakani don ta raba ƙasan waya da shasi, na kuma gaya wa yaron ya riƙa cire caja.

Abin da ya rage shi ne koren idon, EM80, wanda ya dushe har sai an kashe fitilar ɗaki ake ganinsa. Wannan ba ya gyaruwa, hodar da ke haskawa a ciki ce ta ƙare. Baba ya ce yana da guda ɗaya sabo fil a cikin gwangwanin Milo, amma ya ƙi faɗin kuɗinsa. Ya ce sai na kawo masa amfilifayar masallacin unguwarsu da ke ƙugi tun azumin bara na gyara a gabansa yana ji, sannan mu yi magana.